Kebul sabo, suwic sabo, amma fayil yana rarrafe: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramin situdiyo na tace bidiyo a Kano, kwamfuta shida. Na sa an haɗa min su da kebul mai rubutun Cat6, aka sa suwic guda, ga kuma rautar da muke samun intanet da ita. Amma in na tura fayil daga wata kwamfutar zuwa wata, gudun ba ya wuce megabait 11 a sakan. Wanda ya yi aikin ya ce sabis ne ba ƙarfi, in ƙara kuɗin data. Ina kuma so in sa kamarorin tsaro huɗu, in ja layi zuwa ɗayan gininmu da ke bayan fili. Don Allah a yi min bayani daga tushe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, kada ka ƙara ko sisin kwabo a kan data saboda wannan matsalar. Fayil ɗin da ya tashi daga kwamfutar bakin ƙofa zuwa ta bakin taga ba ya fita daga ɗakin. Ta kebul yake bi ya shiga suwic, wato akwatin da ya haɗa kwamfutocin, ya fito ta wani kebul ɗin, shi ke nan. Ko ka zare layin da ke cikin rautar ka sa a aljihu, haka zai ci gaba da tafiya da gudunsa na jiya. Haɗin cikin gida, wanda masu sana'ar ke kira LAN, zaman kansa yake yi, intanet kuwa wani abu ne daban da ake jona masa ta wuri ɗaya. Wanda ya ce maka sabis ne, ko dai bai rarrabe su ba, ko kuma ba ya son sake hawa silin.

Lambar da ka kawo, 11, ita ta tona asirin komai, don ruwa ba ya tsami banza. Gudun kebul da bit ake auna shi, girman fayil kuwa da bait, kuma bait ɗaya bit 8 ne. Haɗin da ke tafiyar megabit 100 a sakan, in ka raba da 8, megabait 12.5 ke nan. Ka cire ɗan abin da adireshi da sauran bayanan da ke raka kowane ƙunshi suke ci, sai ka sauka a 11 da 'yan kai. Duk wanda ya daɗe a wannan aiki, da ya ji 11 ya san akwai wurin da ya tsaya a megabit 100. Da gigabit kake samu, wato megabit 1000, da lissafin takarda ya ba ka megabait 125, a aikace kuma tsakanin 110 da 118. Bidiyon biki mai gigabait 50, a gudunka na yanzu sai ya cinye awa ɗaya da kwata. A gigabit bai kai minti takwas ba.

Shi tsarin da duk waɗannan kebul da ramukan suke bi, sunansa Ethernet. Robert Metcalfe da David Boggs ne suka fara shi a 1973 a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, yana tafiyar ƙasa da megabit 3. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta mayar da shi ƙa'ida mai lamba 802.3 a 1983. Daga nan aka riƙa ninka shi goma-goma a kan murɗaɗɗiyar waya: megabit 10 a 1990, megabit 100 a 1995, gigabit a 1999, gigabit 10 a 2006. Gudun da kake fama da shi na 1995 ne ke nan. Dalilin da ya sa har yau yake binmu shi ne an ƙera kowane sabon mataki yadda zai iya aiki da wanda ya gabace shi. Da ka soka kebul, ɓangarorin biyu za su sanar da juna abin da kowa yake iyawa, su tsaya a kan mafi girman gudun da ya haɗa su. Amfanin wannan a fili yake, komai tsufan na'ura za ta yi aiki. Illarsa kuma, in wani abu ya samu matsala haɗin ba ya mutuwa ka sani, sai ya sauka ƙasa shiru ya ci gaba da aiki, kai kuwa kana can kana zargin kamfanin waya.

Binciken farko ba ya cin kuɗi. A kan Windows, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta ncpa.cpl, ka buɗe haɗin Ethernet ɗin, ka duba layin da ke nuna gudu. Ko dai ka ga 100.0 Mbps, wato megabit 100, ko 1.0 Gbps, wato gigabit. Ka yi wa kwamfutoci shidan haka, ka rubuta a takarda. In dukansu 100 suke nunawa, akwatin da ya haɗa su ne. In wasu 1.0 wasu 100, to kebul ɗin masu 100 ne ko ramukansu.

Mu fara da akwatin, shi ya fi sauƙi. Juya suwic ɗin ka karanta ƙasansa. In ka ga 10/100 kawai, ko ka ga an rubuta Fast Ethernet, to ka kama ɓarawon. Wanda kake buƙata sai ya nuna 10/100/1000 ko Gigabit. Har yau ana sayar da masu 10/100 sababbi fil a kwali, kuma bambancin kuɗinsu da na gigabit bai taka kara ya karya ba, amma mai aikin da ya yi maka jimlar kuɗi ɗaya yana da dalilin ɗauko mai arahar. Rauta ma haka. Yawancin ƙananan rautocin da ake sa wa layin waya, ramukan bayansu na megabit 100 ne, saboda haka duk kwamfutar da aka soka kai tsaye a bayan rauta ta gaji wannan gudun. Sai kuma sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ba su da ramin kebul, ake saya musu ɗan abin jonawa ta USB. Da yawa daga cikin masu arahar 10/100 ne. Nemi wanda aka rubuta gigabit da USB 3.0, kuma ka soka shi a ramin USB 3.0, domin USB 2.0 iyakarsa megabit 480 ko a takarda.

In akwatunan duka gigabit ne amma har yanzu 100 kake gani, to sai a koma kan kebul, kuma a nan yawancin aikin da ake yi mana yake lalacewa. In ka fere kebul za ka ga siraran wayoyi 8, an murɗe su biyu-biyu, tagwaye huɗu ke nan. Megabit 100 da tagwaye biyu kawai yake aiki, waɗanda ke kan haƙori na 1 da 2, da na 3 da 6 a jikin kan nan na roba da ake kira RJ45. Gigabit kuwa sai da duka huɗun, kowane tagwaye yana ɗaukar megabit 250, zuwa da dawowa a lokaci guda. Saboda haka in waya ɗaya tak cikin shuɗaye ko masu ruwan ƙasa ba ta taɓa haƙorinta ba, gigabit ba zai tashi ba, amma megabit 100 zai tashi lafiya lau, fitila ta kama, intanet ya zo, mai aiki ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Akwai ma kebul ɗin da ake sakowa a kwalin wasu rautoci wanda wayoyi 4 ne kawai a cikinsa. Ɗaga kan ka haska shi da fitilar waya ka ƙirga.

Murɗin nan da kake gani ba ado ba ne, shi ne ƙashin bayan abin, kuma dabarar ta girmi kwamfuta: Alexander Graham Bell ya yi mata rajista tun 1881 saboda layukan tarho. Ana tura saƙo ɗaya a kan wayoyin biyu, ɗaya kishiyar ɗaya, mai karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu kawai yake karantawa. Duk wata hayaniyar lantarki da ta zo daga waje, ko daga fanka ko daga wayar wuta, tunda wayoyin a murɗe suke, daidai wa daida take taɓa su, sai ta soke kanta wajen ɗaukar bambancin. Kowane tagwaye kuma da yawan murɗinsa daban, don kada su riƙa zuba wa juna hayaniya. Wanda ya fahimci wannan ba zai warware murɗin ya miƙar da wayoyi tsawon ɗan yatsa kafin ya matse kai ba. Abin da ƙa'ida ta yarda a warware bai wuce milimita 13 ba, kuma rigar kebul ɗin ta shige cikin kan har filaya ta danne ta.

Jerin launukan ma ba yadda mutum ya ga dama ba ne. Wanda aka fi bi shi ne T568B: fari mai ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Akwai T568A da ya musanya ruwan lemo da kore, kuma kowanne ka bi daidai ne muddin duka kawunan biyu iri ɗaya ne. Ka lura koren ya rabu, ɗaya a na 3 ɗaya a na 6, shuɗin yana tsakiyarsu. Nan ne masu koyon aiki suke faɗawa. Sai mutum ya ce ai in dai jerin wannan kan ya yi daidai da na wancan, magana ta ƙare, ya jera tagwayen a jere yadda suka zo masa. Ƙaramar testa mai fitilu 8 za ta nuna masa komai lafiya, tunda ita abin da ta sani kawai wuta ta wuce ko ba ta wuce ba. Alhali 3 da 6 sun faɗa a tagwaye daban-daban, kariyar murɗi ta tafi. A mita biyu ko uku ƙila ya yi aiki. A mita talatin sai haɗin ya riƙa yankewa ko ya sauka ƙasa, a rasa dalili.

Sai maganar rubutun Cat6 da ke jikin kebul ɗinka. A ƙa'ida, ana auna kebul da megahaz, wato saurin kaɗawar lantarkin da yake iya ɗauka: Cat5e an gwada shi har megahaz 100, Cat6 har 250, Cat6a har 500. Gigabit ba ya buƙatar fiye da Cat5e na gaskiya, har mita 100. Cat6 yana ɗaukar gigabit 10 in tazarar ba ta wuce kamar mita 55 ba, Cat6a kuma har mita 100. Amma rubutu tawada ce, kowa yana iya buga ta. Babbar annobar kasuwanninmu ita ce kebul ɗin da ake kira CCA, wato alminiyam ne aka yi masa fenti da jan ƙarfe. A ido ba ka rarrabe shi. Alminiyam kuwa kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka na lantarki yake ɗauka, ga saurin karyewa in an lanƙwasa shi, ga wata tsatsa da yake yi a inda haƙorin kai ya huda shi, wadda ba ta barin wuta ta wuce da kyau. Shi ya sa za ka ga aiki ya yi kyau makon farko, bayan 'yan watanni ramuka su fara sauka zuwa 100 ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar da ta fitar da waɗannan rukunan ba ta san CCA ba sam, jan ƙarfe zalla ta ce. Duk kwalin da aka rubuta Cat6 kuma CCA ne a ciki, ƙarya aka rubuta.

Gane shi ba wuya. Ka fere waya ɗaya ka kankare ta da reza. In fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyam ne. Ko ka kunna mata ashana: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya a miƙe, CCA kuwa sai ya langaɓe ya karye. Kwalin mita 305 na jan ƙarfe kuma ya fi nauyi sosai a hannu. Ni dai ba na biyan kuɗin kwali sai an yanko min taƙi ɗaya na gwada a gaban mai shago, kuma mai kayan kirki ba ya jin haushin haka. Araha ba ta ado, musamman a abin da za a binne cikin bango. Suwic in ya lalace minti biyar ne ka canja shi. Kebul ɗin da ya bi ta silin da fayif, canja shi sabon aiki ne daga farko.

Kada kuma ka ruɗu da faffaɗan kebul ɗin nan masu rubutun Cat7 ko Cat8 da ake tallatawa. Cat8 na gaskiya don manyan ɗakunan saba, wato kwamfutocin da ke adana bayanai su raba wa wasu, aka yi shi, iyakarsa mita 30, kuma babu abin da zai ƙara wa ramin gigabit. Kebul mai rufin ƙarfe a ciki ma sai an haɗa rufin da ƙasa yadda ya dace kafin ya yi amfani, a ginin da ko soket ɗinsa ba shi da wayar ƙasa kuwa gara marar rufin.

Mita 100 ɗin da nake ta ambata, yadda aka kasa ta shi ne mita 90 a cikin bango, mita 10 kuma na gajerun kebul ɗin da ke ɓangarorin biyu. Na cikin bango kowace wayarsa sanda ɗaya ce mai tauri, an yi ta ne a danna ta a bayan soket ɗin bango ta zauna ba motsi. Gajeren da ke zuwa kwamfuta kuwa silalla ne masu laushi, yana jure lanƙwasa, kuma gara ka sayo shi haɗaɗɗe daga kamfani. Abin da aka saba yi a wurinmu, a jawo mai taurin daga silin a matse masa kai a soka a kwamfuta, yana aiki, amma kullum aka ja tebur ko aka yi shara ana gajarta masa kwana. Wajen ja, kada a karya shi a kusurwa, kada a ɗaure shi tamau, kada a buga masa ƙusa ta danne shi. Kada ya kwanta a fayif ɗaya da wayar wuta, in kuma dole su haɗu to su gitta juna. A silin a sa shi cikin fayif saboda ɓera. A waje kuma rana tana cinye rigar kebul na cikin ɗaki, sai ta farfashe ruwa ya shiga.

Shi kuwa suwic, ga abin da yake yi. Kowane ramin kebul a duniya yana da lambarsa ta haihuwa mai bit 48, ana ce mata adireshin MAC. Fayil ba ya tafiya a dunƙule, ana yanka shi ƙunshi-ƙunshi, kowanne bai wuce bait 1500 na kaya ba, da adireshin mai aikawa da na mai karɓa a goshinsa. Akwatin da aka yi amfani da shi a da, hob, mai shela ne: abin da ya shigo ta rami ɗaya sai ya kwarara shi ga kowa, in biyu suka yi magana tare kuma su yi karo a sake. Suwic ɗan aike ne da ya haddace gidan kowa, yana lura da wace lamba ke bayan wane rami, ya kai saƙo can kaɗai. Saboda haka kwamfuta ta 1 tana iya tura wa ta 2 a cikakken gigabit, ta 3 tana tura wa ta 4 a cikakken gigabit, ba wanda ya rage wa wani. Wannan ne Wi-Fi ba zai taɓa ba ka ba, domin iska ɗaya kowa yake rabawa, ana karɓa-karɓa, ga bangon bulo da dakin suna cin rabonsu.

Tsarin da zan ba ka shawara mai sauƙi ne. Suwic ɗin gigabit guda mai rami 16 a tsakiya, kowace kwamfuta da kebul ɗinta har zuwa gare shi, rauta kuma ta shigo da kebul ɗaya kamar kowa. Ko ramin rautar na megabit 100 ne, intanet kaɗai zai shafa, ba fayilolinku ba. Na ce 16 ba 8 ba saboda shida da rauta bakwai ke nan, ga firinta, ga layin kamarori, ga na ɗayan ginin. Ka guji jera ƙananan suwic wani a bayan wani, domin duk waɗanda ke kan na biyun kebul ɗaya suke rabawa in za su ƙetaro. Ba ka buƙatar mai tsadar nan da ake shiga cikinsa a saita, a wurin kwamfuta shida bai da aikin yi.

Abu biyu ne suke kayar da irin wannan haɗin ba tare da komai ya lalace ba. Na ɗaya, wani ya ga kan kebul yana lilo ya soka shi a suwic, alhali ɗaya kan ma a suwic ɗin yake. Saƙon da ake aika wa kowa da kowa sai ya riƙa zagayawa ba iyaka, fitilu duka su kama ƙiftawa tare, komai ya tsaya cak. Radia Perlman ta fitar da maganin wannan tun 1985, amma ƙananan suwic da yawa ba sa ɗauke da shi. Na biyu, a kawo wata rauta a jona don ƙarin Wi-Fi, ita ma ta fara raba adireshin IP, wato lambar da rauta ke ba kowace na'ura don a gane ta a haɗin. Rauta ɗaya ce ya kamata ta riƙa rabawa, ta biyun a kashe mata DHCP, wato aikin raba adireshin. In kuma ka ga adireshin kwamfuta ya fara da 169.254, ma'anarsa ta nemi mai ba ta adireshi ba ta samu ba, ta ƙirƙiri nata.

Kamarorinka ba su da yunwar gudu. Kowace ba ta wuce 'yan megabit kaɗan ba, yawancinsu ma ramin 100 gare su, kuma ya ishe su. Abin da suke so wuta ce, ita kuma ana iya tura ta ta cikin kebul ɗin da ke ɗaukar hoton, shi ake kira PoE. Ƙa'idar 2003 tana ba da wat 15.4 a kowane rami, ta 2009 wat 30, ta 2018 har wat 90. Ka sayi ƙaramin suwic na PoE don kamarorin da na'urar da ke naɗar hotonsu, ka haɗa shi da babban da kebul ɗaya. Ka duba jimlar wat ɗin da yake iya bayarwa, ba na rami ɗaya kawai ba, domin da dare in fitilun ganin duhu suka kama cin wutar yana ƙaruwa, shi ya sa wasu kamarorin suke lafiya da rana su riƙa ɗaukewa bayan magariba. Ka tabbata an rubuta 802.3af ko 802.3at a jikinsa. Masu wannan lambar sai sun tambayi na'ura kafin su sakar mata wuta, akwai kuwa wasu da ke sakin wuta kai tsaye ga duk abin da aka soka. A nan ne kuma CCA ya fi yin ɓarna, wutar tana zubewa a hanya ta zama zafi kafin ta isa kamara.

Ɗayan ginin kuwa, ko tazarar ba ta kai mita 100 ba, ban yarda ka ja jan ƙarfe ba. Ramin Ethernet yana da kariya ta kusan bolt 1500, wadda ta isa a cikin gini ɗaya. Tsawar damina ba sai ta faɗo a kan kebul ba, in ta sauka a kusa ma doguwar wayar da ke shimfiɗe a fili tana ɗaukar abin da ya ninka haka, ta kai shi ɓangarorin biyu. Ƙari a kan haka, in ginin biyu ba wuta ɗaya suke sha ba, wannan yana kan janareta wancan yana kan NEPA, ko kowanne da nasa ƙarfen da aka binne a ƙasa, kebul ɗin ne zai zama gadar bambancin da ke tsakaninsu. Faiba za ka ja maimakonsa: zaren gilashi ce, haske take ɗauka, lantarki ba ya bin ta. Mutane suna jin tsoron sunan ne kawai. Ana sayar da ita da kawunanta a haɗe, ka auna tsawon ka sayo, ka sa ƙaramin akwatin da ke juya haske zuwa kebul a kowane ɓangare, ko ka sayi suwic mai ramin SFP, wato ramin da ake jona faiba ta cikinsa. Mai siririn ciki, wadda ake kira singil mod, tana kai gigabit har kilomita 10 da kayan da aka saba sayarwa, kuma ita zan zaɓa ko a mita 60, domin ranar da ka so ƙarin gudu akwatunan kawai za ka canja. A sa ta a fayif, kada a karya ta, a rufe kawunan daga ƙura, kada kuma kowa ya leƙa bakinta da ido, hasken ba a ganinsa amma yana illa.

Suwic da rauta ba su da cin wuta, ƙaramin UPS ko layin inbata ya riƙe su. In ba haka ba, duk sanda aka canja daga NEPA zuwa janareta za su mutu su tashi, fayil ɗin da ya yi rabi ya koma farko.

Bayan ka gyara, kowace kwamfuta ta nuna 1.0 Gbps, ka gwada hanyar ita kaɗai da wata manhaja kyauta mai suna iperf3. Ana kunna ta a kwamfuta biyu, ɗaya ta saurara ɗaya ta tura. Lafiyayyen gigabit yana ba da wajen megabit 940. In ka samu haka amma fayil bai kai megabait 100 ba, to saura ma'ajiyar, wato faifan da fayilolin ke kai. Faifan HDD mai juyawa yakan yi tsakanin megabait 100 da 200 a sakan in babban fayil ɗaya yake karantawa, amma in mutum uku suna ja daga gare shi lokaci guda, ko dubban ƙananan hotuna ake kwashewa, sai ya faɗi ƙasa warwas. Wanda aka jona ta USB 2.0 kuwa da wuya ya haura 40. SSD, wato ma'ajiyar da ba ta juyawa, na SATA yana kaiwa wajen 550, ya fi ƙarfin gigabit nesa ba kusa ba.

A nan ne masu sana'arka suke bambanta da sauran ofisoshi. Mai buga takardu gigabit ya ishe shi har ya yi saura. Ku masu tace bidiyo, in kuka kai ga ajiye aikin duka a ma'ajiya ɗaya kowa yana tacewa kai tsaye daga cikinta, musamman hoton 4K, za ku ji gigabit ya matse ku. Matakin da ya fi dacewa da aljihu shi ne gigabit 2.5, wanda ƙa'idarsa ta fito a 2016 takanas don ya bi ta kan Cat5e da Cat6 ɗin da mutane suka riga suka binne. Yana ba da kusan megabait 280 a sakan, kuma sababbin kwamfutoci da yawa da shi suke zuwa. Gigabit 10 a kan jan ƙarfe yana da tsada, yana kuma da zafi, abin da ɗakin da ba AC a watan Afrilu a Kano ba ya buƙatar ƙari. In za ka shige shi, ka fara da ma'ajiyar kaɗai: suwic mai rami ɗaya ko biyu na gigabit 10 a ba ta, sauran kwamfutocin su zauna a 2.5, yadda mutum huɗu za su ja daga gare ta a tare ba tare da sun rage wa juna ba. Ita ma'ajiyar kuma sai ta zama SSD, ko faifai da yawa da aka haɗa suna aiki tare, in ba haka ba ramin gigabit 10 ɗin zaman jira zai yi.